Yadda Ƙungiyar Unguwa Za Ta Tara Kuɗin Gyaran Magudanar Ruwa

1. Kafin a nemi ko kwabo, mutum biyu su je su duba inda ya toshe, su karɓo ƙiyasi daga magina biyu.

2. A kira taro, a karanta ƙiyasin kowa na ji. A nan za a yanke ko kowane gida ne zai biya ko kowane magidanci. Gidajen haya su ne matsalar: mai gida ya ce nauyin 'yan haya ne, su kuma su ce nasa ne. Gara a warware wannan tun a zaune.

3. Ma'aji ya ba duk wanda ya biya rasit nan take.

4. Kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, kada a cire sai da sa hannun mutum biyu.

5. In an gama aiki, a liƙa lissafin inda kowa zai gani.