Yadda na gyara tayar kamun kifi da ke sacewa

Ranar Asabar muka je wani tafki a jihar Minesota ta Amurka da iyali da abokai kamun bluegill, ƙananan kifayen nan masu kama da karfasa. Tayar da nake zama a kai bisa ruwa ta dinga laushi. Sanyin ruwa kan tsuke iskar ciki, don haka na fito na ƙara mata iska, amma ɓangaren dama bai daina sacewa ba. Na shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa daidai inda kifin ke faɗowa in na cire ƙugiya. Ashe ƙayar bayansa ce ta huda. Na sace iskar duka, na goge wurin ya bushe, na manna faci da gam, ya kwana. Yanzu da ƙaramar raga nake tarbar kifin, nesa da tayar.