Yadda Ake Cire Kaushin Fentin Mota Ba Sai An Sayi Yumɓu Mai Tsada Ba

Ka wanke mota tsaf, ta bushe, daga nesa sai sheƙi take yi. Amma da ka shafa bonet da tafin hannu sai ka ji wani ɗan kaushi kamar an barbaɗa tsaki. Ko sau goma ka sake wankin, yana nan daram, domin ba dattin da sabulu ke fitarwa ba ne. Ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki da wajen masu walda, da feshin fentin wata motar da ya sauka a kan taka a gareji, da ɗigon kwalta, da ƙaron bishiya, da tabon ruwan burtsatse. Duk sun kafe a jikin fentin.

Masu sana'ar gyaran jikin mota suna cire shi da wani abu mai kama da cingam, wanda ake kira yumɓun goge fenti. Daga Japan ya samo asali, kuma duk da sunansa ba yumɓun ƙasa ba ne: roba ce mai danƙo da aka cakuɗa da wani gari mai laushin gaske. Yana aiki, babu musu. Matsalarsa tsada, ga wuyar samu a kasuwanninmu, kuma ranar da ya suɓuce ya faɗi ƙasa ya tashi aiki, sai shara, domin yashin da ya ɗauka ba ya fita. Na taɓa sayen guda mai giram 100, ban yi minti goma da farawa ba ya zame daga hannuna ya faɗa cikin ƙasar tsakar gida. Tun daga ranar na koma hanyar da zan bayyana, kuma na gane cewa mafi yawan aikin da ake ɗora wa yumɓun, kayan da ke cikin gida da kemis za su yi shi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai. Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma na saman, mai ƙyallin nan marar launi, kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Duk abin da ka kankare daga gare shi ya tafi ke nan. Don haka ƙa'idar aikin ita ce a narkar da abin da zai narke, a goge ragowar a hankali cikin santsi.

Mataki na 1: Wanki na gaske, a inuwa

Da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da jikin motar ya huce. Fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin tsumma ya taɓa ta, musamman bayan hunturu, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi, kuma goge ta a bushe shi ne ke haifar da zanen nan mai kama da saƙar gizo da ake gani a rana. Bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma. Tsumman da ya wanke taya kada ya hau jiki.

Mataki na 2: Gwajin leda

Sa hannunka cikin farar leda marar kauri, irin ta ƙulla suga, ka shafa fentin a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji, sai ka ji kowane ƙwayar kaushi. Bi bonet, rufi, saman but, da ƙasan ƙofofi. Sau da yawa za ka tarar gefen ƙofofi sumul suke, sama da ƙasa ne kawai ke da aiki. Inda babu kaushi, ka bar shi ya huta.

Mataki na 3: Kowane tabo da maganinsa

Nan ne kuɗin ke raguwa. Duba abin da ke jikin da ido.

Baƙaƙen ɗigo a ƙasan ƙofa da bayan taya kwalta ce. Ɗiga kananzir kaɗan a tsumma mai laushi, ka dafa a wurin kamar minti ɗaya har ta saki, sannan ka share. Idan ba ta fita ba, sake jiƙawa, kada ka kankare da farce. WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ma yana yi. Da ka gama ka wanke wurin da sabulu. Fetur da tina kuwa ka nisance su, musamman idan an taɓa sake wa motar fenti, domin suna iya dusar da shi nan take.

Mai ajiye mota ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ya san danƙon da ke ɗiga a rufi. Sifirit na kemis, a sirka shi da ruwa rabi da rabi, yana narkar da shi. Kashin tsuntsu da na jemage kuma kada ka bari ya kwana biyu a rana, yana cin fenti. Ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, ka ɗauke shi sama, ba ka ja shi a kan fentin ba, saboda akwai tsakuwa da ƙwayar 'ya'yan itace a ciki.

Fararen da'irori da ruwa ke bari idan ya bushe a rana, gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan rijiya. Farin ruwan khal da ruwa, daidai wa daida, a fesa, a bar shi minti ɗaya, a ɗauraye. Idan ka yi sau biyu tabon bai gusa ba, to ya riga ya ci cikin fentin, sai dai injin foli.

Saura ƙarfe. A farar mota za ka gan shi kamar ɗigo-ɗigon tsatsa masu launin ruwan goro. Akwai ruwan cire ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan mota, wanda idan ya haɗu da ɓurɓushin sai ya koma shunayya ya dinga gangarowa. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a fili ake amfani da shi. Minti 3 zuwa 5 ya isa, kada ya bushe a jiki. Ba dole ba ne, amma mai farar mota da ke yawan zama kusa da masu walda zai ga amfaninsa.

Mataki na 4: Tawul ko safar roba a madadin yumɓu

Sake gwajin leda. Abin da ya rage shi ne aikin tawul mai fuskar roba, ko safar hannu irinsa. Gefe ɗaya tsumma ne, ɗaya gefen an shafe shi da baƙar roba mai ɗan danƙo. A wajen saye farashinsa kan kai na yumɓu ko ya ɗara, amma yana wanke motoci da yawa, kuma idan ya faɗi ƙasa ɗauraye shi kawai za ka yi ka ci gaba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa. Idan akwai zaɓi, ɗauki mai laushi, ba mai ƙarfin ci ba.

Sabo ne? Fara goga shi a gilashin gaba da ruwan sabulu na 'yan mintoci, don fuskar robar ta saki kafin ta hau fenti.

Ruwan santsin da ake sayarwa tare da yumɓu ma ba sai ka saya ba. Sabulun wankin mota na ruwa, murfi ɗaya ko biyu a cikin kwalbar feshi mai lita ɗaya, ya wadatar. Murza shi tsakanin yatsu, in ka ji yana zamewa kamar miyar kuɓewa, ya yi. Garin sabulun wanki bai dace ba: wani lokacin bai gama narkewa ba, ga shi yana busar da robobin jikin mota. Kuma ka tabbata babu sauran kananzir a jikin, domin yana lalata fuskar tawul ɗin.

Ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin sallayar da aka ninke gida biyu. Fesa ruwan sabulu har ya jiƙe sharkaf, ka fesa wa tawul ɗin ma. Ɗora shi, nauyin hannunka kawai, ba dannawa. Ja shi gaba da baya a miƙe, kada ka yi zagaye. Yanzu ka kasa kunne. Da farko za ka ji ƙaras-ƙaras, kana jin yana ɗan kamawa. Bayan ja biyar ko shida sautin zai fara mutuwa, can sai ka ji shiru, tawul na sulɓewa kamar a kan tangaran. Wannan shirun shi ne alamar ka tsaya. Ƙarin gugar bayan nan babu abin da yake ƙarawa sai dusashewa. Ɗauraye wurin, ɗauraye tawul a bokiti, matsa gaba. In ka ji ya manne, ruwa ne ya yi kaɗan, ba ƙarfi ba.

Fara da rufi, ka ƙare da ƙasan ƙofofi inda datti ya fi yawa. Baƙar mota tana nuna kowane kuskure, saboda haka gwada a wani lungu, kamar ƙasan bamba, ka duba da fitilar waya kafin ka hau bonet.

Abubuwan da ake ba da shawara amma ban yarda da su ba

Wasu na amfani da Blu Tack, danƙon manna takarda a bango. Yana ɗaukar ɗan datti a ƙaramin wuri, amma a zafinmu yana yin laushi ya bar shafe a jiki, kuma ba ya yanke kaushin da ya kafe. Yumɓun wasan yara wani maiƙo gare shi, wani kuma yana dagargajewa a ruwa. Yumɓun ginin tukwane kuwa, duk laushinsa a hannu, akwai yashi a ciki. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Haka soson wanke-wanke mai koren baya da toka. Na ga wata jar mota da aka goge wa tabon kwalta da irin wannan soson, kwaltar ta fita, amma wurin ya zama fari fat kamar an shafa alli, sai da aka kai ta wajen mai fenti.

Idan da yumɓun ka riga ka saya, yanka shi gida uku ko huɗu, ka yi aiki da ɗaya, ka shimfiɗa tsohuwar leda a ƙasa inda kake tsaye. Ko ya faɗi, asarar kaɗan ce.

Mataki na 5: Rufe fentin

Kananzir, sifirit da tawul duk sun kwashe kakin da ke kare fentin, ya zama tsirara. Sake ɗauraye motar, ka tsane ta da tsumma mai laushi, ka shafa kakin mota siriri, ka bari ya yi hazo, ka goge. In ka tsallake wannan, kaushin zai fi saurin dawowa.

Motar da ba ta daɗe da fitowa daga wajen fenti ba, a ba ta aƙalla wata ɗaya kafin kaki, ka kuma tambayi wanda ya yi fentin. Wadda ka ga launinta na fita a jikin tsumma ba ta da hawan saman nan marar launi, sai a tafi da ita sannu. Fenti marar ƙyalli da motar da aka liƙa wa leda ba a goga musu tawul ɗin sam.

Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, misali bayan hunturu ya ɗauke da kuma ƙarshen damina, kuma gwajin leda ne zai gaya maka ko lokaci ya yi. Tawul ɗin ka wanke shi da ruwa zalla, ka shanya a inuwa, ka ajiye shi a ɗaki ba tare da fuskar robar ta haɗu da kanta ba. Kada ka bar shi a cikin but, zafin watan Afrilu zai narkar da robar ta manne.