Kurakuran da aka fi yi wajen ƙawata bango da hoton hawan doki mai tutsu

A yammacin Amurka, a jihohi irin su Wyoming da Montana da Texas, har zuwa lardin Alberta na Kanada, da wuya mutum ya shiga gidan mai kiwon shanu ko masaukin baƙi bai tarar da hoton kaboyi a kan doki mai tutsu rataye a bango ba. Jihar Wyoming ma tun 1936 take buga surar wannan doki da mahayinsa a kan lambobin motocinta. Daga can ne salon ado na gidajen kaboyi, mai katako da fata da ƙarfe, ya bazu zuwa wasu ƙasashe, hoton kuma ya biyo shi. Yawancin kurakuran da masu saye suke yi tushensu ɗaya ne, wato ɗaukar hoton a matsayin hoton doki kawai, alhali shaida ce ta gasa mai ƙa'idoji, wadda ake kira rodiyo, inda mahayi yake da daƙiƙa 8 ya nuna gwanintarsa, alƙalai kuma su ba da maki har 100, rabi ga mahayi, rabi ga doki.

Kuskuren da ake fara yi shi ne rashin bambance iri biyu na wannan hawa. Akwai hawa da sirdi, inda mahayi yake zaune a sirdi na musamman wanda ba shi da ƙahon nan na gaba da ake ɗaure igiyar kama shanu, ƙafafunsa cikin likkafa, hannunsa ɗaya riƙe da kakkaurar igiya guda da aka ɗaura a ragamar dokin. Akwai kuma hawan da babu sirdi, inda abin riƙo kawai shi ne wani marfin fata mai hannu da aka ɗaure da majayi a bayan kafaɗar dokin, mahayi kuma yana kwantawa baya har malafarsa ta kusa taɓa gadon bayan dabbar. Hotunan biyu ba su ba ɗaki yanayi iri ɗaya ba. Na sirdi yana da tsari da nutsuwa, shi ya sa ya fi dacewa da falo ko ofis, na biyun kuwa cike yake da fizga da tashin hankali. Wanda ya ga an rubuta hawan gasa a ƙarƙashin hoto, sannan ya ga sirdi mai ƙaho da linzami mai igiya biyu, ya san cewa ko dai hoton horar da doki ne a gona, ko na wata gasa ta daban, ko kuma tsohon hoto ne na zamanin da ba a daidaita sirdin gasa ba. Babu laifi a saye shi, amma a saye shi da sunansa na gaskiya.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne zaɓen lokacin da bai dace ba a cikin daƙiƙun nan 8. Idon da ya saba da hawan sallah yana karkata ga dokin da ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na baya, domin a wurinmu nan ne ƙasaitar doki take bayyana. A rodiyo abin ya sha bamban. Alƙalai suna neman dokin da ya yi tsalle sama, ya sunkuyar da kai, ya harba ƙafafun baya har suka miƙe sosai a iska yayin da na gaba suke komawa ƙasa. A daidai wannan lokacin gwanin mahayi yana da ƙafafunsa a gaba, kaimi a wuyan dokin sama da kafaɗa, yatsun ƙafa sun juya waje, jikinsa ya ɗan koma baya, hannunsa na biyu yana sama bai taɓa komai ba. Idan dokin ya sake tashi, sai ƙafafun mahayin su zarce baya zuwa ƙarshen sirdi. Wannan kai da komo da ya dace da tsallen dokin shi ne abin da ake ba maki, kuma hoton da ya kama shi ne masana suke rataye wa a gidajensu. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a dubi ƙafar mahayi kafin a dubi fuskarsa. Idan likkafa ɗaya tana lilo babu ƙafa a ciki, ko hannun da ya kamata ya kasance a sama ya dafa sirdi ko wuyan doki, to hoton mahayin da aka riga aka soke hawansa ne, ko da kuwa ƙura da hasken rana sun ƙawata shi. Baƙon da ya san wasan zai gane da kallo ɗaya, ko da ladabi ya hana shi faɗa.

Hotunan faɗuwa batu ne na daban, kuma a ganina ba a tsayawa a yi tunani a kansu yadda ya kamata. Suna da tarihi mai tsawo. Ɗaya daga cikin shahararrun hotunan rodiyo shi ne wanda Walter S. Bowman ya ɗauka a gasar Pendleton ta jihar Oregon a 1915, inda wani doki mai suna Silver ya jefar da Bonnie McCarroll, aka kama ta a iska, kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Ta tsira a wannan ranar, amma a 1929 ta rasu sakamakon wani haɗari a wannan fili, bayan haka kuma aka daina sa mata a gasar hawan tutsu a can. Wanda ya san wannan labari ya rataye hoton a ɗakin karatu, ya rataye tarihi. Wanda kuwa ya sa shi a saman teburin cin abinci domin ya ga kamar abin dariya ne, ya yi kuskuren da karanta layi biyu zai iya hana shi.

A 'yan shekarun nan an samu sabuwar matsala, domin kasuwannin intanet sun cika da hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ana sayar da su a matsayin hotunan kyamara. Gane su ba shi da wuya ga mai haƙuri. A ƙirga ƙafafun dokin, a bi igiyar daga hannun mahayi a ga ko ta isa ragama ko ta ɓace a cikin geza, a duba ko akwai ɗamarar nan mai shafin gashin tunkiya da ake ɗaura wa dokin a kwiɓi, sannan a karanta rubutun da ke jikin shinge. Wani abin da 'yan kasuwa suke yi kuma shi ne juya hoto na gaskiya, dama ta koma hagu, domin ya dace da wani tsarin ɗaki. Alamarsa ita ce lambar da ke bayan rigar mahayi, ko wadda ke jikin ƙofar da doki ya fito, ta koma a juye.

Wannan ya kai mu ga asalin hoto. Hoton da ba a san wanda ya ɗauka ba, ba a san fili ba, ba a san shekara ba, ya rasa rabin darajarsa. Filayen ma suna da alamominsu. Filin Pendleton, wanda aka fara gasarsa a 1910, ciyawa ce shimfiɗe a tsakiyarsa, ba ƙasa ba. Gasar Cheyenne ta Wyoming ta faro a 1897, ta Calgary a lardin Alberta a 1912, dukansu a watan Yuli ake yinsu a fili buɗaɗɗe cikin rana. Gasar ƙarshe ta shekara kuwa, wadda ta koma Las Vegas a 1985, a watan Disamba ake yinta cikin rufaffen zaure, kuma an san ta da ƙofofinta masu launin rawaya. Idan mai sayarwa ya ce hoton na Las Vegas ne, ga kuma duwatsu da gajimare a baya, sai a nemi ƙarin bayani. Sunayen masu ɗaukar hoto ma suna da amfani. Ralph R. Doubleday ya shafe shekaru da dama yana bin gasanni yana sayar da hotunansa a matsayin katunan gidan waya, kuma akwai tarin aikinsa a gidan tarihin kaboyi na birnin Oklahoma. Louise Serpa ta birnin Tucson a jihar Arizona ita ce mace ta farko da ƙungiyar 'yan rodiyo ta ba izinin ɗaukar hoto daga cikin fili, a 1963. Hotunan zamani suna da masu haƙƙinsu, don haka sauke su daga shafin wani a kai gidan buga hoto ba daidai ba ne. Gyaran shi ne a saya daga mai ɗaukar hoton kai tsaye, ko a nemi tsofaffin hotunan da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa a intanet, waɗanda da yawansu babu wani shamaki a kan amfani da su.

Ta fuskar bugawa, kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗaɗa ƙaramin hoto fiye da ƙarfinsa. Ma'aunin da masu bugawa suke so shi ne fiksel 300 a kowane inci, ko da yake hoton bango da ake kallo daga nesa zai iya wucewa da 150. Ke nan bugu mai faɗin inci 24 da tsawon inci 36, wato kusan santimita 60 da 90, yana buƙatar aƙalla fiksel 3,600 da 5,400. Hoton da aka kwafo daga Facebook ko aka turo ta WhatsApp bai kai nan ba, kuma idan aka matsa masa sai gezar doki da ɓurɓushin ƙasar da kofato ya watso, waɗanda su ne ran hoton, su zama dusu-dusu. Haka nan a kula da yanka. Sau da yawa mai bugawa yakan datse hoto domin ya shiga firam ɗin da ke akwai, sai kofaton baya ko hannun mahayi ya fita, ko kuma a yanke ƙasan da ke nuna nisan da dokin ya yi sama. Firam ne ya kamata a yanka daidai da hoto.

Game da launi, ba na goyon bayan rina hoton zamani da ruwan ƙasa domin ya yi kama da na 1920, saboda allunan talla da rigar kariya da mahayi ya sa za su tona asirin. Idan allunan sun cika baya da launuka masu ɗauke hankali, baƙi da fari ya fi, kuma yana zama lafiya da bangon katako.

Firam ɗin da aka fi saya wa irin wannan hoto shi ne na tsohon katakon rumbu, kuma yana da kyau muddin bai yi kauri har ya danne hoton ba. Abin da ake mantawa shi ne kwalin da ake sawa tsakanin hoto da gilashi. Idan babu shi, danshi zai sa takardar ta manne da gilashin, ranar da aka zo cirewa kuma fuskar hoton ta tafi tare da shi. A nemi kwali marar sinadarin asid, da gilashi mai tare hasken da ke koɗar da launi. Wanda ya zaɓi bugu a kan farantin alminiyam ya sani cewa mai sheƙi yana mayar da hasken taga, don haka marar sheƙi ya fi a ɗaki mai haske.

Ratayewa ma tana da nata ƙa'idojin. Mutane suna kai hoto sama da yawa, alhali ma'aunin da gidajen nune-nune suke bi shi ne tsakiyar hoton ta kasance kusan santimita 145 daga ƙasa. A saman doguwar kujera, a bar tazarar santimita 15 zuwa 25, faɗin hoton kuma ya kai kusan kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar. Saman murhun ɗumama ɗaki, wanda a gidajen yammacin Amurka ake ɗauka wurin girma, shi ne mafi illa ga takarda saboda zafi da hayaƙi, haka ma bangon da rana take bugawa da yamma. Akwai kuma abin da ya keɓanta da hoton da ke da motsi, wato inda dokin ya fuskanta. Idan aka rataye shi kusa da kusurwa yana fuskantar bango, sai ya zama kamar zai yi karo. A sa shi ya fuskanci tsakiyar ɗaki, a bar masa sarari a gaba.

Daga nan sai cika ɗaki da kaya. Wanda ya samu hoto mai kyau yakan ji sha'awar kewaye shi da ƙahon sa, da igiya a naɗe, da takalmin doki, da malafa, da wasu hotuna biyar na dawaki, har ido ya rasa inda zai tsaya. Hoton tutsu guda ɗaya babba ya isa bango guda, sauran kayan ɗakin kuma su ɗauki launinsu daga gare shi, kamar kujerar fata mai launin dokin ko darduma mai ɗan ja irin na wandon fatar mahayin. Idan ana son fiye da ɗaya, jerin hotuna uku na hawa guda, daga buɗe ƙofa zuwa tsakiyar tsalle zuwa lokacin da mahaya biyu masu taimako suka zo ɗauke shi daga kan dokin, ya fi tarin hotunan da ba su da alaƙa. A yi musu firam iri ɗaya, a bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakaninsu, sannan a rubuta sunan mahayi da na doki da filin da shekarar a bayan kowane firam da fensir.