Darasi na 6: Yadda bangon jijiyar jini ke yi wa kansa shara

Cikin kowace jijiyar jini, daga babbar da ta fito daga zuciya har wadda ta fi silin gashi siriri, akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta mai falle ɗaya. Ita jini ke goga dare da rana. Tana fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa a hanya. Kusan kashi 85 cikin 100 na ƙarfin waɗannan ƙwayoyi daga farfasa sukari yake fitowa.

Kayan cikin ƙwaya suna tsufa. Hanyar kawar da su ita masana ke kira otofaji, wato cin kai. Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano yadda take aiki a jikin yis, ya sami kyautar Nobel a 2016. Wata siririyar fata ce ke lanƙwasowa ta kewaye abin da ya lalace, ta rufe kamar bakin jaka. Jakar sai ta haɗe da laisosom, wani ɗan buhu mai ruwan tsami da ke narkar da komai. Ba a zubarwa: furotin da kitsen da suka narke, ƙwayar ce ke sake mora.

A lura da nan sosai. Gudun jini a miƙaƙƙiyar jijiya yana tayar da wannan shara. A mararraba da kwana kuwa, inda jini ke kewaye-kewaye, sharar kan yi sanyi, kuma a nan maiƙo ya fi taruwa. Da aka toshe otofaji a ɗakin gwaji, farfasa sukari ya ragu, iskar naitirik oksaid ta yi ƙaranci. Lalatattun maitokondiriya, injinan ƙarfin ƙwaya, sukan taru suna yoyon sinadarai masu cin bango. Jijiya ta ƙage, ƙofar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ta buɗe. Tsufa da ciwon sukari duk suna raunana sharar.

Tafiya da sauri tana ƙara gudun jini a kan bangon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kamar minti 30 sau biyar. Ƙarancin abinci ma yana tayar da otofaji, amma mai shan maganin sukari ko mai yin allurar insulin kada ya ɗora wa kansa doguwar yunwa sai da shawarar likita, don sukarinsa na iya faɗuwa ya suma.