Yadda za ka sa kyanwarka ta saki jiki da kai

Yawancin 'yan'uwanmu da ke Agege da Mile 12 a Legas ɓera ne ya sa suka ajiye kyanwa a shago ko a gidan haya. Ana zuba mata abinci a tafi, daga baya a ce ba ta san mai ita ba. Wannan ba adalci ba ne. Binciken da Kristyn Vitale ta jagoranta a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka a 2019 ya nuna kusan kashi 65 cikin 100 na kyanwoyin da aka gwada hankalinsu yana kwanciya da zarar mai su ya dawo ɗaki.

Ranar da ka kawo ta, kada ka ɗauke ta kana juyawa. Samo kwali, ka huda masa ƙofa, ka ajiye shi nesa da janareta. Kunnenta ya fi namu ji nesa ba kusa ba, hayaniyar Legas kuwa ba sai an faɗa ba. In ta shige ta ɓuya, ƙyale ta.

Sai gaisuwa, kuma nan ne aka fi kuskure. Ka tsuguna, ka miƙa yatsa ɗaya, ka jira. Ita za ta zo ta sansana. In ta goga kumatunta a hannunka, ƙanshinta take shafa maka, ta sa ka cikin nata ke nan. Kada ka zura mata ido, a wurinta barazana ce. Ka dube ta, ka lumshe ido a hankali, ka ɗan kau da kai. Masana a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada haka a 2020, suka ga kyanwa takan rama lumshewar, har ta fi kusantar baƙon da ya yi mata hakan.

Daga nan ka koyi karatun jikinta. Jela a miƙe sama, maraba take yi maka. Kunnuwa a kwance, jela na kaɗawa da ƙarfi: janye hannunka kafin ka sha yakushi. In ta yi rigingine ta buɗe ciki, yarda ce ta nuna, amma da yawansu ba sa son a taɓa wurin. Yara sun fi faɗawa wannan tarko, a koya musu shafa kai da ƙasan haɓa.

Ka raɗa mata suna, ka riƙa kiran sa lokacin abinci. Takan bambance shi da sauran kalmomi. Da yamma ka ɗaura tsumma a igiya ka ja mata ta yi farauta, ko na minti 10 ne.

Ƙarar kur-kur ɗin da take yi a maƙogwaro ba kullum ce ta jin daɗi ba, takan yi ta cikin ciwo ma. In ta daina ci, ko ta koma fitsari inda ba ta saba ba, kada ka doke ta, kai ta wurin likitan dabbobi. Kuma don Allah kada a ba ta farasitamol, kashe ta yake yi.