Yadda zaka tantance labarin "DNA ya gano asalin Hausawa" kafin ka tura wa wani

Toh 'yan uwa mazauna Legas, saƙon nan da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na Agege da Idi-Araba, wai gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, ya tabbatar daga inda Hausawa suka zo, yau a ce Bagadaza gobe a ce Masar, akwai yadda zaka auna shi da kanka ba sai kana da digiri ba.

Fara da tambayar ƙashin wa aka gwada, a ina aka tono shi, kuma shekararsa nawa. DNA ɗin mutanen zamanin da, daga haƙori ake ciro shi ko wani ƙashi mai tauri da ke cikin kunne, kuma zafi da danshi lalata shi suke, shi ya sa Turai suke da dubban samfura mu kuwa 'yan kaɗan ne. Na farko da aka karanta gaba ɗaya a Afirka sai 2015, wani mutum ne daga kogon Mota a Habasha mai shekara kusan 4,500. A 2020 aka fitar da na yara huɗu daga Shum Laka a Kamaru, biyu kusan shekara 8,000 biyu kusan 3,000, sai 2025 na mata biyu makiyaya daga Takarkori a Libiya, shekara kusan 7,000, lokacin Sahara tana da ciyawa da tafkuna. In saƙon bai faɗi wuri da shekara irin haka ba, kar ka ɓata datarka.

Sau da yawa ma ba ƙashi aka gwada ba, yawun mutanen yanzu ne. Nan ne ake kawo maganar R1b-V88, wata alama da ake samu sosai a mazan da ke magana da harsunan Chadi, dangin Hausa kenan, kuma da gaske ne tana da 'yan uwa a Turai, amma fa wannan alamar daga uba take bi zuwa ɗa kawai, layi ɗaya tal, alhali in ka lissafa baya zuwa kakanni hawa 10 gurbi 1,024 ne, kaga ɗaukar mutum ɗaya a ce shi ne asalin ƙabila guda ai son zuciya ne. Kuma jini baya ɗauke da yare, balle addini.

Sai ka duba, mutane ne suka yi ƙaura ko sana'ar ce ta yi tafiya? A Turai manoma ne suka taso daga Anatoliya, Turkiyya ta yanzu, shekara kusan 8,500 da suka wuce, da alkamarsu da tumakinsu. Amma matan Takarkori jininsu na tsoffin mutanen arewacin Afirka ne, wato kiwon koyonsa suka yi, ba wasu baƙi ne suka zo suka maye gurbinsu ba. Masu haɗa saƙonnin nan basa son wannan bambancin sam.

Ni a ganina mu nan hatsi ya fi ƙashi bada labari. Ka shiga kasuwar Mile 12 ka tsaya gaban mai awo ka bi buhunan da ido. Gero namu ne, an samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na Mali shekara kusan 4,500, a jikin fasassun tukwane inda ƙaiƙayinsa ya bar shaida a yumɓu. Dawa kuma gabashin Sudan wajen Kassala, kusan 5,000. Wake da gujiya ma na Afirka ne. Masara kuwa daga Meziko take, rogo da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka tsallako bayan 1492, har gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano wallahi baƙuwa ce.

In ka samu sarari ranar da ba kasuwa, ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ka ga kawunan yumɓu na Nok, mutanen da suka noma gero a kudancin Kaduna tun kusan shekara 3,500. Ka tambayi ma'aikatan labarin kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, shekararsa kusan 8,000. Ka fita da wuri dai saboda goslo.