Yadda za ka tanadi datar ko-ta-kwana mai araha don gida da mota a Sakkwato

Wani dare ƙanena na cike fom a intanet, saura awa biyu a rufe shafin, sai rawutar gidanmu a Mabera, wato na'urar da ke raba mana intanet, ta koma jan haske. Na ce masa ya kwantar da hankali, in kunna masa hotsifot a wayata, wato in raba masa datata ta Wi-Fi. Ashe layin wayata da na rawutar duk na kamfani ɗaya ne, tare suka ɗauke. Ƙarshe gidan maƙwabci muka ƙwanƙwasa da sha ɗayan dare. Tun ranar na tsara wa kaina layin ko-ta-kwana, kuma ga yadda na bi.

Matakin farko, layin ajiya ya zama na wani kamfani dabam da wanda kake amfani da shi kullum. Manyan kamfanonin huɗu ne: MTN, Airtel, Glo, da 9mobile wanda ya koma T2 a 2025. Kada ka tambayi mai shago wanne ya fi, don sabis a garin nan unguwa-unguwa ne. Layin da ke gudu a Gawon Nama yana iya rarrafe a Arkilla, wanda ya cika sanduna a tsakar gida yana iya komawa sanda ɗaya a ƙuryar ɗaki. Ari wayar wani mai layin da kake tunani, ka gwada a daidai inda rawutar za ta zauna. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da kowa ya hau intanet, domin a nan ne gaskiyar layi ke fitowa. Yawan sanduna ba shi ne gudu ba. Buɗe bidiyo ka ga ko zai tafi ba tsayawa.

Idan ka zaɓa, ka je ofishin kamfanin ko wurin wakilinsu da lambarka ta NIN a yi rajista da sunanka. Sim ɗin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana.

Mataki na biyu shi ne abin da za ka saka sim ɗin a ciki. Mafi araha tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa, muddin tana ɗaukar 4G: ka sa mata layin, ka kunna hotsifot, shi ke nan. In MiFi za ka saya, wato ƙaramar rawutar aljihu mai batiri, ka tambaya ko a kulle take. Waɗanda kamfanonin layi ke sayarwa sun fi sauƙin kuɗi, sau da yawa har da datar kyauta, amma galibi layinsu kaɗai suke karɓa. Na taɓa ɗaukar wata a shago, yaron shagon ya ce, "Alhaji, wagga kowane layi tana ci." Na ce to mu gani, na ciro sim biyu daga aljihu. Ɗaya ta karɓa, ɗaya ta ƙi. Ka tafi da naka sim ɗin, a gwada a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka.

Yanzu ga inda mafi yawan kuɗi ke zubewa, wato sayen datar kanta. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sayen data da ka ya zama asara. Danna *312# a kowane layi, zai nuna maka tsare-tsaren da ake da su, *323# kuma ya nuna abin da ya rage maka. Ka duba manhajar kamfanin ma, wani lokacin akwai tayin da ba ya fitowa a lambar. Abu biyu za ka duba a kowane tsari: nawa giga ɗaya ta kama, kuma kwana nawa ne wa'adinsa.

Mutane sun fi kallon na farko, alhali ga layin ajiya na biyun ne ke yanka. A ce, a misali, akwai tsarin giga 20 na wata guda a naira 7,000, ga kuma na giga 3 na mako guda a naira 1,500. A lissafi babban ya fi araha, giga ɗaya naira 350, ƙaramin kuwa naira 500. Amma in sabis ɗin gidanka sau biyu kawai ya ɗauke a watan, giga 4 ka ci, to ka biya 7,000 a kan giga 4, sauran ta ƙone. Shi ya sa ni ba na ajiye data a layin ko-ta-kwana. Kati nake ajiyewa. Ranar da babban layi ya ɗauke, sai in danna *312# in sayi ta kwana ɗaya ko ta mako, gwargwadon yadda na ga matsalar za ta ja. Katin ya fi turawa daga banki, don ranar da sabis ya rikice manhajar banki ma ba lalle ta buɗe ba. Wanda kuwa aikinsa ba ya jure yankewar minti biyar, ya nemi tsarin wata biyu ko uku, ko ya riƙa sabuntawa kafin wa'adi ya cika, domin a yawancin tsare-tsare ragowar tana bin sabuwar.

Wurin saya za a tambaye ka ko sau ɗaya kake so ko a riƙa sabunta maka. Zaɓi sau ɗaya, in ba haka ba katin ajiyar zai narke kana barci. Ka kuma lura da masu arahar da ta yi yawa: wata ta dare ce kawai, wata ta WhatsApp da Facebook ce kawai, ba za ta buɗe maka imel a kwamfuta ba. Masu sayar da data ta WhatsApp kuwa akwai na kirki, amma fara da giga ɗaya, ka duba *323# ka ga ta shigo da wa'adin da aka faɗa.

Sai toshe ɓaraka. Kwamfuta da talabijin suna ganin Wi-Fi sai su ɗauka gonar gado ce, su fara sauke sabuntawa. A saitin Wi-Fi na Windows akwai wurin nuna cewa wannan intanet mai awo ce, ka kunna shi. Rage ingancin bidiyo a YouTube, ka hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, kuma lambar sirrin kada ta wuce mutanen gida. Yara uku da TikTok sun isa su cinye datar mako kafin la'asar.

Na mota bai buƙatar wani layi na uku. Wayar nan ko MiFi ɗin ita za ka ɗauka, da cajar da ake sakawa a ramin kunna sigari. Abin tsoro zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa. MiFi da aka bari a gaban gilashi batirinta kumbura yake yi. Ka ajiye ta a inuwa, in ka fita ka fita da ita. Kafin tafiya, ko ta Tambuwal ka nufa ko ta Tureta zuwa Gusau, ka sauke taswirar hanyar a Google Maps tun daga gida, saboda tsakanin garuruwa akwai wuraren da kowane layi ke yin shiru. Masu zuwa Illela kuma su kashe yawon data, wato roaming, a saitin waya, don kusa da iyaka waya kan kama sabis ɗin Nijar, kuɗinsa kuwa ba irin na gida ba ne.

Akwai ranar da layi biyu ma ba sa ceto, kamar a Satumbar 2021 da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. Wannan ba ta da magani a shago.

Abu na ƙarshe, layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Ni duk farkon wata nakan ciro wayar daga durowa, in yi caji, in kira uwargida da ita na minti ɗaya, in duba kati da *310#, in mayar da ita.